Kwamfutocina Sun Daina Gaisawa

Assalamu alaikum. Wannan makon ba Iman ce ke magana ba, ubanta ne. An ce mini a ƙarƙashin labarin da take ba ku wasu suna kirana tsoho mai taurin kai, wata ma ta ce da ita ce 'yata da tuni ta daina cin abinci. Allah ya shirye ki. Kun ji nata, yanzu ku ji nawa. Ba ni da dogon karatu, ba ni da doguwar magana.

Sunana Hajj Tijjani. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Gadarif ta ƙasar Sudan ya yi noman guzuri. Har yau guzurin muke nema. Ni riɗi da dawa nake saye ina sayarwa. Wakalata, wato wurin kasuwancina, manne take da gidana: gaba shago da ma'auni da sito, baya iyali. Tsakaninsu ƙofar ƙarfe ɗaya, ni na sa aka ƙera ta, ban taɓa jin wanda ya kushe ta ba.

Kwamfuta uku gare ni. Ba ni na so su ba, ɗana Mustafa ne ya dasa su kafin ya tafi Bur Sudan. Ɗaya tana wurin ma'auni, Usumanu ke danna ta, mutumin da muka tsufa tare a cikin buhunan riɗi. Ɗaya tana kan teburina da injin buga takarda a gefenta. Ni ba na taɓa ta, amma dillali in ya shigo ya gan ta yakan rage ƙarya. Ta uku tana cikin gida wurin Iman, autata, wadda ta yi karatun lissafi a jami'a. Mustafa ya so ta zauna a shago. Na ce 'yata ba ta zama tsakanin 'yan dako da direbobin lori. Sai ya ja wata shuɗiyar igiya daga ɗakinta zuwa wani ƙaramin akwati mai fitilu a bangon shago, inda igiyoyin sauran biyun ma suke haɗuwa. Wannan shi ake kira shabaka. Usumanu ya auna buhu a gaba, nauyin ya bayyana wa Iman a ciki. Ta danna a ciki, takardar manomi ta fito a teburina. Ba wanda ya ga wani, aiki kuma yana tafiya. Na ce wannan na'ura tana da tarbiyya.

Da kakar riɗin bana ta kama, garin cike yake da baƙin da yaƙi ya koro daga Khartum da Jazira, kowa na neman abin yi. 'Yan dakona suka ninka, yawancinsu samari, wasu har da digiri. Ido ya yi yawa a shagon. Ƙofar da a da ake sakaya ta kawai, na fara danna mata sakata. Wuta ma ta yi ta ɗaukewa muna tada janareta, ɓeraye kuma sun samu riɗi sun yi ƙiba. A cikin wannan hidimar kwamfutocin suka daina gaisawa.

Na gaba biyun suna shiri da juna. Ta Iman ce ta ware kanta. Manomi ya taso tun daga Hawata, an auna masa kaya, yana tsaye yana jiran takarda, injin ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Sai Iman ta rubuta da hannu, uwarta Ummuhani ta kawo ta ƙwanƙwasa. Abin haushi, ina buɗewa in karɓa sai injin ya farka ya tofo takardar, har da waɗanda ya haɗiye tun safe. Na ce wa Usumanu wannan ƙarfen raina ni yake yi.

Usumanu ne ya kawo Mohanad. Ya ce muhandis ne, wato injiniya, daga Madani, yaƙi ya raba shi da ofishinsa, yanzu teburi gare shi a kasuwa yana gyaran waya da kwamfuta. Dogon yaro, siriri, rigarsa ta sha wanki har ta gaji amma gugarta kamar wuƙa. Ɗan Hausawa ne, sai dai Hausarsa tana ɗingishi, in ta gaji sai ta hau Larabci. Ya gaishe ni da hannu biyu. Na lura, ban nuna ba.

Ya duba na gaba, ya ce sai ya ga ta ciki. Na zare sakata, na tsaya a bakin ƙofar da sandata, na sa Ummuhani ta zauna a ɗakin. Ya shiga kansa a ƙasa. Iman ta ja kujera can gefe, ta rufe rabin fuska da tob ɗinta, mayafin matan nan, na zaman gida, mai ruwan toka. Ya danna, ya danna, ya ɗago yana sosa ƙeya. Ya ce komai yana aiki.

Na ce ban kira shi ya gaya mini haka ba.

Sai ya yi mini bayani, kuma na gane, domin ni ba jaki ba ne. Ya ce kowace kwamfuta tana da lambar gida, in biyu suka ɗauki lamba ɗaya sai rikici, kamar mutum biyu da fili ɗaya. Ya duba, ba haka ba ne, amma ya ba kowacce lambarta tabbatacciya. Ya ce akwai yadda ake aika sallama daga wannan zuwa waccan a ga ko za ta amsa. Ya aika daga ta Iman, ta teburina ta amsa, ta ma'auni ma ta amsa. Ya tattara kayansa. Na raka shi bakin titi, na dawo na kulle gidana. Ban gama zama ba Usumanu ya ce ta sake ɗaukewa.

Zuwansa na biyu ya ce akwai wani mai gadi a cikin na'urar, wani lokaci yakan yi zaƙewa ya hana har 'yan gida shiga. Na ce a bar shi, aikinsa yake yi. Ya lallashe ni ya gabatar wa mai gadin da 'yan gida. Daga baya ya yanke kawunan igiyar ya sa sababbi. Ya canza mata rami a jikin akwatin. Har nasa akwatin ya ɗauko ya jona. Kullum magana ɗaya: yana nan lafiya lau, ya fita ta kwanta. Na miƙa masa ladan aikinsa ya ƙi karɓa, wai bai gyara komai ba tukuna.

Ni kuwa ina kallon wasu abubuwan da suke gyaruwa. Tob mai ruwan toka ya ɓace, aka koma mai ruwan zuma da aikin zare a baki. Ɗakin kwamfuta ya fara ƙamshin bakhur, turaren wuta, wai don sauro. Ummuhani ta fito da kofunan baƙi, jabana, wato gahawarmu, ta samu citta da kanumfari, alhali ni tawa tun azumin bara ba ta ga kanumfari ba. Tana zuba masa tana tambayar uwarsa, da ƙannensa, da inda suke kwana. Na hana rubutaccen saƙo tsakaninsa da Iman, na ce in dole ne a yi na murya, a kunna a gabana. Aka kunna.

"Ya ustaza, fitilar bayan kwamfutarki tana ci?"

"Ba ta ci, ya muhandis."

"To ki kashe, ki kunna. Ki yi haƙuri da ni."

Iman ta ce, to, Baba ka ji, maganar aiki ce. Na ce ni ma na yi samartaka. Ba abin da aka faɗa ake saurara ba, murya ake saurara. Wannan muryar ba ta fitila ba ce.

Wata safiya Ummuhani ta ajiye mini shayi, ba ta tafi ba. In ta yi haka na san da kaya. Ta ce yaron yana son ya turo manyansa, Iman kuma ba ta ƙi ba, ita ma ta bincika ta ji 'yan mutunci ne. Na ajiye kofin. Nan take komai ya haɗu a kaina kamar lissafin buhu. Cutar da ke warkewa in likita ya shigo, ta dawo in ya fita, likitan ake tuhuma. Na ce yaron nan ya dasa wani abu a cikin na'urar, yana kashe ta daga kasuwa da wayarsa don a riƙa kiransa. Ummuhani ta ce, ya Hajj, ka ji tsoron Allah. Na ce shekaruna a kasuwa an kawo mini riɗi da yashi, an kawo mini jiƙaƙƙe, ba wanda ya ci nasara. Ba a kan 'yata za a fara ba.

Na aika aka kira shi. A gaban Usumanu da 'yan dako na faɗa masa, ban rage ba, ban sa zuma ba. Na kira shi macuci. Ya yi tsaye. Bai ɗaga murya ba. Ya ciro wayarsa ya ɗora a teburina, ya ajiye jakar kayan aikinsa a gefenta.

"Ya ammi, baffana, ka riƙe su. Zan zauna nan hannuna a kan gwiwa. Ba zan shiga ciki ba. In ta ɗauke ina zaune, ka yi hukunci."

Na ce hakan ya yi. Aka ba shi buhun dawa ya zauna yana fuskantar akwatin bango. Ƙofar a buɗe take don Ummuhani ta kawo ruwa, fitilu uku suna ci. Tunda yau ba mai shiga, na tura ƙofar na danna sakata, na juyo in zauna. Sai na ga yaron ya miƙe tsaye, hannuwansa har yanzu a kan gwiwa, kamar mai ruku'u.

Cikin ladabi ya roƙe ni in buɗe. Na buɗe. Fitila ta uku, ta igiyar Iman, da ta mutu, ta kama. Ya ce in rufe. Na rufe na danna sakata, ta mutu. Na buɗe, ta kama. Na rufe, ta mutu. Ban san sau nawa na yi ba. Na dai san 'yan dako sun ajiye buhuna suna kallo, Usumanu kuma ya sa bakin rawaninsa a baki yana tari, tarin da ba na ƙirji ba.

Mohanad ya durƙusa ya nuna mini. Mustafa, Allah ya shirye shi, ta tsakanin ƙofa da madogararta ya bi da igiyar, can ƙasa wajen maratayi inda ido ba ya zuwa. In an sakaya ƙofar akwai sarari. In an danna sakata sai ƙarfe ya cije ta. Ta waje shuɗiya ce lafiyayya, ta ciki ta kusa rabuwa biyu. Duk zuwan da yake yi ni nake buɗe ƙofar in tsaya gadi, shi ya sa bai taɓa ganin cutar ba.

Ya ɗago ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, laifin maƙeri ne da bai bar wa igiya hanya ba. Na ce dama tun farko ban yarda da maƙerin nan ba.

Ya ce gyara biyu ne. Ko a daina sa sakata, ko a huda bango ta sama a ja sabuwar igiya a cikin bututu. Na tambaye shi wanne ya fi. Ya ce na biyun.

"In an yi shi ka kulle ƙofarka yadda kake so. Ba za ka sake bukatata ba."

Ranar ya huda bangon. Ƙura ta ɓata masa gugar riga. Ya gama, ya aika sallamar nan tasu ƙofa tana kulle, aka amsa. Na ce aiki ya yi kyau. Na miƙa masa ladansa, wannan karon ya karɓa. Ya tsaya kaɗan kamar mai jiran wata magana. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Wasu za su ce da na ba shi haƙuri a lokacin. Su ba su da 'yan dako.

Shabaka ta miƙe kamar titin Kassala. Takarda tana fita kafin manomi ya gama karkaɗe rigarsa. Gidana ne ya ɗauke. Tob mai ruwan toka ya dawo. Iman tana gaishe ni safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, ba ƙari ko kalma ɗaya. Jabanata ta koma ruwan zafi mai duhu. Na jira manyan da aka ce za a turo, shiru. Na tambayi Ummuhani a kaikaice, kamar ina tambayar farashin albasa. Ta ce yaron ya ce gidan da aka kira shi macuci ba ya kai uwarsa, sai in mai gidan ne ya kira shi. Na ce girman kai ba kyau ga yaro. Ta dube ni, ta ɗauki farantinta.

Na yi tunani. Kiran mai gyara ba kiran siriki ba ne. In na'ura ta lalace dole a kira shi, in ya zo kuma magana tana iya jan magana, ba wanda ya durƙusa wa wani. Da Usumanu ya fita alwalar azahar na je bango na zare shuɗiyar igiyar, na koma na ɗauki carbi.

Ban kai ƙarshen carbin ba aka ƙwanƙwasa. Iman ce, lulluɓe. Ta ce Baba, dubi fitila ta uku. Na ce idona ba ya gani sosai. Ta leƙo, ta ga shagon ba kowa, ta tako ta mayar da igiyar ƙwas, ta koma.

Washegari na kashe akwatin gaba ɗaya ta wajen wuta. Ta aiko uwarta da saƙo cewa a danna jan maɓallin da ke bayan buhunan da na jingina. Ashe duk zaman da take yi a gefe tana rufe rabin fuska, aikin take koya. Na gwada dabara ta ƙarshe, na sassauta igiyar kaɗan, ana ganinta a ciki amma ba ta kama ba. Wannan karon ba ta ko duba akwatin ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ta wajena na aika sallama ba a amsa ba, na san inda matsalar take. Zan gyara yau, zan gyara gobe. In kana son a kira shi, bakinka ne zai kira shi."

Ban san inda yarinyar nan ta gado taurin kai ba.

Na kwana biyu ina fushi. Da safe na sa farar jallabiyata, na naɗa rawanin Juma'a, na ce zan je duba farashi. Na bi ta layin masu gyaran waya kamar hanya ce ta biyo da ni. Teburinsa ba kowa, an kife kujera a kai. Mai shayin da ke gefe ta ce ai hanyar Madani ta buɗe, mutane suna komawa, muhandis ya kwashe uwarsa da ƙannensa sun tafi tasha tun ɗazu.

Ni ba na hawa raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, abin yara ne. Na hau. Na ce wa direban in ya kai ni kafin motar Madani ta tashi zan yi masa addu'a da sunansa.

Mun samu bas ɗin ya tada inji, an ɗaure katifu da gadaje a samansa, ya fara ja da baya. Na sauka na tsaya a bayansa, na buga sandata a jikin ƙarfen. Direba ya leƙo zai yi zagi, ya ga furfura, ya haɗiye. Na zagaya ina duba tagogi har na gan shi, ƙaramar ƙanwarsa a kan cinya. Ya sauko da sauri. Abin da ya fara tambaya shi ne ko shabakar ce.

Na ce shabaka lafiya lau, ba ita ta kawo ni ba. Fasinjoji duk sun zuro kai. Na gyara rawani.

"Maganar da na faɗa maka a gaban 'yan dako, na janye ta a gaban fasinjoji. Sun fi yawa. Ranar Juma'a bayan la'asar ina gida. Mai manya ya zo da su."

Bakinsa ya buɗe, Hausa ta ƙi zuwa, Larabci ma ya ƙi. Kafin ɗaya ta iso sai wata mata ta sauko daga bas ɗin, gajeriya, da farin tob da tabarau mai kauri, riƙe da babbar tukunya da aka ɗaure bakinta da zane. Mohanad ya ce uwarsa ce, Hajja Fatna, shugabar makarantar 'yan mata ce kafin yaƙi. Ta dube ni daga rawani har takalmi, yadda nake duba riɗin da ban yarda da shi ba.

"Kai ne Hajj Tijjanin? Manyan Mohanad ni ce, kuma ba na jiran Juma'a. Mohanad, a sauke mana kaya. Ba wai na yarda ba ne. Sai na ga yarinyar, na ga gidan, sannan in ji ko mu ma muna bayarwa. Haƙurin nan kuma za ka maimaita shi a zaune, ban ji shi sosai ba, injin yana ƙara."

Na buɗe baki. Ta miƙo mini tukunyar ta ce in riƙe ta a daidai, akwai miya a ciki.

Tun da na fara saye da sayarwa ba wanda ya taɓa ba ni dako. Na karɓa. Na ce a tsayar da raksha, ta ce ita ba ta hawa, abin yara ne. Ta wuce gaba, ba ta tambayi hanya ba. Na bi ta a baya, sanda a hammata, tukunya a ƙirji, ina roƙon Allah kada ta bi ta kasuwar riɗi.

Ta kasuwar riɗi ta bi.